Itacen girki

Itacen girki, wanda ake kira itacen wuta ko icen dafuwa, shi ne duk itacen da aka sara ko aka tsinto domin a ƙona shi a yi girki, a dafa ruwa, ko a ɗumama ɗaki. Yana cikin tsofaffin makamashin da ɗan Adam ya sani, kuma har yau shi ne babban abin da ake hura wuta da shi a yawancin gidajen karkara na Afirka da kudancin Asiya. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa kusan rabin itacen da ake sarewa a duniya kowace shekara wuta yake tafiya, a Afirka kuwa kason ya kai kimanin kashi 90 cikin 100. A ƙasar Hausa, wato arewacin Najeriya da kudancin Nijar, itace da kara su ne ginshiƙin girkin gida, musamman a ƙauyuka da unguwannin masu ƙaramin ƙarfi.

Kafin itace ya shiga murhu yakan bi matakai huɗu: sara, faskare, busarwa da ajiya. Yadda aka bi waɗannan matakai shi ke nuna yawan zafin da za a samu, yawan hayaƙin da mai girki za ta shaƙa, da kuma yawan itacen da gida zai ci a wata.

Sunaye da kalmomi

A karin harshen Kano ana cewa itace ko ice, a Sakkwato da Katsina da wasu sassan Nijar kuma icce. Jam'insa itatuwa. Babban guntun da aka yanko daga jikin bishiya shi ne gungume, abin da ya saura a ƙasa bayan an sare bishiya kuma kututture. Ƙananan rassa busassu da ake tsinta su ne ƙirare. Faskare na nufin aikin tsaga gungume da gatari, yana kuma nufin itacen da aka riga aka tsaga. Itacen da aka ɗaure wuri ɗaya dami ne. Idan wuta ta ci itace sai ya zama garwashi, in garwashin ya mutu kafin ya cinye ya zama gawayi, in ya cinye ƙurmus ya zama toka. Guntun itacen da wuta ke ci a kansa ana ce masa bakin wuta, baƙin da hayaƙi ke bari a rufin madafa kuma kunkunniya.

Tarihi

A kogon Wonderwerk da ke Afirka ta Kudu masu binciken kayan tarihi sun gano toka da ƙonannun ƙasusuwa da aka ƙiyasta sun kai shekaru miliyan ɗaya, kuma ana lissafa su cikin tsofaffin shaidun amfani da wuta. Tun daga wancan zamani har zuwa juyin masana'antu itace ne babban makamashin duniya. A Ingila ƙarancin itace da tsadarsa a ƙarni na 16 da na 17 na cikin abubuwan da suka tura mutanen birane zuwa ga kwal. A Amurka sai a shekarun 1880 kwal ya zarce itace a matsayin babban makamashin ƙasar.

A shekarar 1975, bayan farin da ya afka wa yankin Sahel da tashin farashin man fetur na 1973, Erik Eckholm na cibiyar Worldwatch ya wallafa wata ƙasida da ta bayyana ƙarancin itace a matsayin matsalar makamashi ta biyu da duniya ta kau da kai daga gare ta. Daga nan gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka duƙufa wajen dashen bishiyoyi da ƙera murhu mai tsimin itace a ƙasashen Sahel.

Irin itatuwan da ake ƙonawa

Idan aka auna da kilo, busasshen itace kowane iri kusan zafi ɗaya yake bayarwa. Bambancin yana wajen nauyi: itace mai tauri ya fi cunkushewa, saboda haka dami ɗaya nasa ya fi daɗewa yana ci, ya kuma fi barin garwashi mai ƙarko.

A ƙasar Hausa marke (Anogeissus leiocarpa) na cikin waɗanda aka fi so, domin yana da nauyi, wutarsa na da zafi, garwashinsa kuma ba ya saurin mutuwa. Ƙirya (Prosopis africana) ta yi suna wajen tauri, gawayinta ne maƙera suka fi nema. Bagaruwa (Vachellia nilotica), aduwa (Balanites aegyptiaca) da taura (Detarium microcarpum) su ma suna da kyakkyawar wuta. A yankunan da manyan bishiyoyi suka yi ƙaranci ana dogara da ƙananan itatuwan daji kamar sabara (Guiera senegalensis), geza (Combretum micranthum), taramniya (Combretum glutinosum) da kalgo (Piliostigma reticulatum), waɗanda ke sake toho bayan an sare su. Darbejiya ko dogon yaro (Azadirachta indica), wadda asalinta daga yankin Indiya ne, ta zama itacen wuta na yau da kullum a garuruwa saboda saurin girmanta da jure sassabe.

Akwai waɗanda ba su da amfani sosai a murhu. Jikin kuka laushi ne da shi kamar soso, cike da ruwa. Rimi da tumfafiya ba su da nauyi, nan da nan suke cinyewa. Bishiyoyi masu 'ya'ya kamar ɗorawa, kaɗanya da tsamiya a al'ada ba a sare su da rai saboda abincin da kuɗin da suke kawowa, sai dai a ɗebi rassan da suka bushe. Haka ma gawo (Faidherbia albida), wanda manoma ke bari a gona saboda yana ƙara wa ƙasa taki, yana kuma ciyar da dabbobi da rani.

Inda itace ya yi wuya akan koma ga karan dawa da na gero, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, garin katako da busasshen kashin shanu. Kara na saurin kamawa amma ba ya barin garwashi, don haka mai girki ba ta iya barin bakin murhu. Kwashe kara da kashin shanu daga gona kuma yana hana ƙasa abin da zai ruɓe ya zame mata taki.

Sara da ɗauko

A ƙauye mata da yara ne suka fi tsintar ƙirare su ɗauko a ka bisa gammo, maza kuma su sari manyan itatuwa su kawo a jaki, raƙumi ko amalanke. Manomi yakan sassabe rassan bishiyoyin gonarsa kafin damina, ya rage inuwar da za ta danne shuka, ya kuma sami itacen da zai kai shi kaka. Birane kuwa manyan motoci ne ke kawo musu gungume daga dazuzzuka masu nisa, a sauke wa dillalai, su kuma su sayar wa masu kasawa a unguwanni. Ban da gidaje, masu gidajen burodi, masu tsire, masu shayi, masu tuyar ƙosai da waina da masu bandar kifi duk suna cin itace mai yawa.

An fi sara da rani, lokacin da babu aikin gona, hanyoyin daji sun bushe, itacen kuma zai sami lokacin bushewa kafin ruwa ya sauka. Da damina farashi yakan tashi saboda mota ba ta shiga daji, masu saran kuma sun koma gona.

Faskare

Dalilin faskare uku ne. Na farko, gungume ba ya shiga murhu. Na biyu, wuta a saman itace take ci, don haka tsagaggen itace ya fi saurin kamawa saboda fuskokin da iska ke taɓawa sun ƙaru. Na uku, ɓawo yana tsare ruwan da ke cikin itace, tsagawa ce ke buɗe masa hanyar fita.

Gatarin gargajiya na maƙeran Hausa ƙarfe ne mai faɗin baki da siririyar wutsiya, wadda ake cusawa a cikin kumburarren kan ƙota. Kowane sara yana ƙara danna ƙarfen cikin ƙotar, kuma nauyin kan ƙotar yana ƙara wa saran ƙarfi. Gatarin Turawa kuwa rami ne a jikin ƙarfen, ƙotar ce ke shiga ciki. A Turai da Amurka an bambanta gatarin sara, mai siririn baki da ke yanke jijiyoyin itace, da gatarin tsagawa, mai kaurin baki da nauyin kilo 2 zuwa 4, wanda ke raba jijiyoyin ba tare da ya yanke su ba. Ga gungume mai taurin kai akan kafa ƙarfe mai tsini a cikin tsagar a riƙa dukansa da guduma. Akwai kuma injin tsaga itace da ke tura gungume kan kaifi da ƙarfin matsin mai.

Itace yana tsagewa ne ta tsawonsa, bin yadda jijiyoyinsa suka miƙe. Gwanin faskare yakan fara duba tsagar da ta riga ta bayyana a bakin gungumen ya bi ta. Babban gungume ba a fara shi daga tsakiya, daga gefe ake ɓantarowa har ya ragu. Wurin da reshe ya fito, jijiyoyi a murɗe suke, shi ya sa ake kauce masa ko a bar shi ƙarshe. A ƙasar Hausa yawanci ana kwantar da dogon gungume a ƙasa a bi shi da sara daga wannan baki zuwa wancan. A ƙasashen sanyi ana yanka shi gajeru, santimita 25 zuwa 40 gwargwadon murhu, a tsayar da kowane guntu a kan kututture a sare shi daga sama. Yawancin itatuwa sun fi sauƙin tsagewa suna ɗanye, domin marke ko ƙirya in suka bushe sukan dakusar da gatari.

Raunukan da aka fi samu su ne gatari ya goce ya sami ƙafa, ƙarfe ya fita daga ƙota, ko ɓarɓashi ya shiga ido. Saboda haka mai faskare yakan ware ƙafafunsa, ya duba ƙota kafin ya fara, ya kori yara daga wurin. Dafe itace da ƙafa yayin sara, wanda aka saba gani, shi ne sanadin raunuka da yawa. Dakusasshen gatari ya fi mai kaifi haɗari, saboda yana tsalle daga jikin itace maimakon ya kafe.

Faskare sana'a ce a biranen Hausa. Masu yin ta, da yawansu 'yan ci-rani, suna yawo unguwa-unguwa da gatari a kafaɗa, a kira su a yi ciniki gwargwadon girman gungume da taurinsa. Wasu kuma suna zaune a wurin dillalan itace ana biyan su a kan abin da suka tsaga.

Busarwa da jerawa

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ana ɗaukar itace ya bushe sosai idan ruwan ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. Kilo ɗaya na irin wannan yana bayar da zafi kimanin megajul 15, alhali kilo ɗaya na ɗanye bai wuce kimanin megajul 8 ba. Dalili shi ne rabin abin da aka saya ruwa ne, kuma sai wuta ta ɓata wani kaso na ƙarfinta wajen mayar da ruwan tururi. Tururin yana kuma sanyaya harshen wuta, shi ya sa ɗanyen itace ke tuƙa hayaƙi.

Ana gane busasshen itace da rashin nauyi, da tsagewar bakinsa, da ɓawon da ke saki. Idan aka gwara guda biyu sukan yi ƙara mai amo, ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take. A cikin wuta ɗanye yakan yi tsuwa, kumfa ta riƙa fita daga bakinsa.

Ruwa yana fita ta bakin itace da sauri fiye da ta gefensa ninki goma ko fiye, don haka gajere ya fi dogo saurin bushewa. Ƙa'idodin jerawa kusan ɗaya ne ko'ina: a ɗaga itacen daga ƙasa a kan duwatsu, bulo ko sanduna, a bar tazara tsakanin layi da layi, da tsakanin tari da bango, don iska ta ratsa, a rufe sama kawai a bar gefuna a buɗe. Lulluɓe tari duka da leda ko tampol yana tsare laima a ciki, itacen ya yi fumfuna. Don kada tari ya rushe akan giciye itatuwan da ke ƙarshen layi, wannan hawa a miƙe, na samansa a gicciye.

A ƙasar Hausa iskar hunturu da zafin bazara suna busar da faskare cikin makonni ko 'yan watanni. Babbar matsalar ajiya ita ce gara, wadda ke cin itacen da ya taɓa ƙasa ta kuma bi shi zuwa azara da rumbu, sai kuma ruwan damina. Shi ya sa ake jingina dogayen itatuwa a tsaye, ko a ɗora su kan rumfa, ko a shigar da su ƙarƙashin rufi kafin ruwan farko. Da damina mata sukan jera itacen gobe kusa da murhu don zafin girkin yau ya busar da shi. Tarin itace maɓoyar kunama da maciji ne, saboda haka ba a son ajiye shi jikin ɗakin kwana, kuma ba a cusa hannu cikinsa da dare. Tarin kara kusa da danga ko jinka na cikin abubuwan da ke sa gobara ta bazu da hunturu.

A arewacin Turai da Amurka ana sara a ƙarshen hunturu, a tsaga a jera kafin zafi ya shigo. Itatuwa marasa nauyi sukan bushe cikin watanni shida zuwa shekara, masu tauri irin dangin Quercus kuma sukan kai shekara biyu. Ban da jeri a miƙe, akwai jeri mai zagaye kamar rumbu da aka sani a Jamus da Norwe. A Norwe itace ya shiga al'ada ƙwarai: littafin Lars Mytting mai suna Hel ved, wanda ya fito a 2011 a kan sara da jera itace, ya yi kasuwa sosai, kuma a watan Fabrairun 2013 gidan talabijin na ƙasar, NRK, ya yi shiri na sa'o'i 12 a kan itace, inda masu kallo suka rabu biyu a kan ko ɓawo sama ya kamata ya kalla ko ƙasa.

Ma'auni

A kasuwannin Hausa da dami, kashi, kaya, amalanke ko mota ake ciniki, ba da sikeli ba. Idan itace ya yi tsada sau da yawa girman kashin ne ke raguwa, kuɗin ya tsaya yadda yake. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci ma'aikatan daji suna auna da stère, wato jerarren itace mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya. A Amurka da Kanada ma'aunin shi ne kod, tari mai ƙafa 4 a faɗi, 4 a tsayi, 8 a tsawo, kimanin kubik mita 3.6. Duk waɗannan ma'aunai sun haɗa da iskar da ke tsakanin itatuwan, don haka karkataccen itace yana cika ma'auni da abu kaɗan.

Yadda itace ke ci da wuta

Ƙonewar itace mataki uku ce. Da farko, a wajen digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, ruwan ciki yana fita. Daga kimanin digiri 200 zuwa sama jikin itacen yana fara rugujewa yana sakin iskar gas da tururin kwalta, kuma waɗannan ne ke ci a matsayin harshen wuta. Mafi yawan zafin itace a cikinsu yake. Kafin su ƙone sarai suna buƙatar isasshiyar iska da zafin da ya kai wajen digiri 600. In ba su samu ba sai su tashi a matsayin hayaƙi, wato hayaƙi makamashi ne da ya tsere bai ƙone ba. A mataki na ƙarshe gawayin da ya saura yana ci a matsayin garwashi, ba harshe sosai, har ya zama toka.

Ana fara hura wuta da abu marar kauri, kamar busasshiyar ciyawa, kara ko ƙirare, sannan a ɗora ƙananan faskare, a ƙare da manya. Cusa itace da yawa lokaci ɗaya yana toshe iska. Gogaggiyar mai girki takan sa guda biyu ko uku, ta riƙa iza su kaɗan-kaɗan, in ta gama ta zare sauran ta kashe don gobe. Hura wuta da leda, roba ko tsohuwar taya yana fitar da hayaƙi mai guba. Haka ma ƙona katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin ƙwari, domin wasu magungunan suna ɗauke da sinadarin arsenik da ke fita a hayaƙi ya kuma zauna a toka. Zuba fetur ko kananzir a kan wutar da ta riga ta kama na jawo mummunar ƙuna.

Toka ba shara ba ce. Tana ɗauke da sinadaran fotasiyam da kalsiyam, ana zuba ta a gona, ana wanke tukwane da ita, ana kuma tace ruwanta a yi girki da shi a madadin kanwa.

Murhu

Murhun gargajiya duwatsu uku ne da ake girke tukunya a kai. Ba ya cin kuɗi, yana ɗaukar kowace irin tukunya, yana kuma karɓar dogon itace ba sai an yanka ba. Aibinsa shi ne ɓarna: a yawancin gwaje-gwaje kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin ne kawai ke shiga tukunya, sauran iska ta kwashe. Kare murhu daga iska, rufe tukunya, jiƙa wake kafin dafawa da rage tazarar da ke tsakanin wuta da gindin tukunya duk suna rage cin itace.

Murhu mai tsimin itace yana kewaye wutar da bangon laka ko ƙarfe, ya tilasta zafin ya bi jikin tukunya. A Nijar an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka tun shekarun 1980. A arewacin Najeriya ƙungiyar DARE da ke Kaduna ta yaɗa murhun Save80, wanda aka sa wa sunan saboda masu ƙera shi sun ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Ƙananan guntaye yake ci, don haka sai an daddatsa itacen. A shekarun 1980 Larry Winiarski na cibiyar Aprovecho a Amurka ya tsara murhun roka, mai bututu lanƙwasasshe da ke jan iska ya ƙone hayaƙin kafin ya fita. Shirye-shirye da dama sun gamu da cikas inda murhun bai dace da babbar tukunyar tuwo ba, ko bai jure tuƙi ba, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin mai gida.

Mutanen birni da yawa sun koma gawayi saboda ba ya hayaƙi sosai kuma ya fi sauƙin ɗauka. Sai dai a hanyar gargajiya ta binne itace a turɓuɗe shi da ƙasa, akan ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, don haka ya fi cin daji.

Ɗumama ɗaki

Da hunturu akan hura wuta a tsakar gida ko zaure a ji ɗumi, wasu kuma su shigar da garwashi ɗaki a kasko. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Alamunta ciwon kai, jiri da kasala, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Shi ya sa ba a kwana da garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga.

A ƙasashen sanyi ana amfani da murhun ƙarfe rufaffe mai bututun hayaƙi. Ƙona ɗanyen itace ko danne wuta ta riƙa ci a hankali yana sa baƙin danƙo mai kama da kwalta ya taru a cikin bututun, wanda kan kama da wuta ya ƙone gida, don haka ake share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara. Norwe ta wajabta sababbin murhu masu ƙone hayaƙi tun 1998. A Ingila, daga watan Mayun 2021, an taƙaita sayar da ɗanyen itace a ƙananan kaya da ba su kai kubik mita 2 ba. A Amurka hukumomi suna gargaɗi kan kai itace daga wani yanki zuwa wani, saboda ta haka ƙwaron Agrilus planipennis, wanda aka fara gani a jihar Michigan a 2002, ya bazu ya kashe miliyoyin bishiyoyi.

Hayaƙi da lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutane fiye da biliyan 2 suna girki da itace, gawayi, kara, kashin dabbobi, kwal ko kananzir a murhun da ke gurɓata iska, kuma gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Cututtukan da aka danganta da hayaƙin sun haɗa da ciwon huhu na yara, toshewar hanyoyin numfashi, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, sankarar huhu da yanar ido. Mata da yaran da ake goyo a bakin murhu ne suka fi shaƙa. Girki a fili ko a madafa mai tagogi, amfani da busasshen itace da nisanta yara daga murhu suna rage haɗarin, amma ba sa kawar da shi kamar yadda gas ko lantarki ke yi.

Neman itacen ma yana da nasa haɗarin. A jihar Borno an sha kashe ko sace masu saran itace a dazuzzukan da ke kewaye da garuruwa tun ɓarkewar rikicin Boko Haram, a Darfur kuma an sha kai wa mata hari idan suka fita daga sansanonin gudun hijira neman itace.

Daji da doka

Ana yawan ɗora wa itacen girki alhakin ƙarewar daji, amma bincike ya nuna lamarin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Littafin Wood Fuel in Kano, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990, aikin Reginald Cline-Cole, Michael Mortimore da abokan aikinsu, ya nuna cewa manoman da ke kewaye da Kano ba su ƙarar da bishiyoyin gonakinsu ba duk da yawan jama'a, domin kowace bishiya tana da mai ita. Itacen birnin kuwa yana ƙara fitowa ne daga dazuzzuka masu nisa. Ɓarnar ta fi tsanani a dajin da ba shi da mai tsaro, inda ake sara don kasuwar birni ko ƙona gawayi, da inda ake share daji don noma.

A Nijar dokar da aka kafa ranar 21 ga Agustan 1992 ta samar da kasuwannin itace na karkara. A tsarin, mutanen ƙauye ne ke kula da dajin da ke kusa da su, ana ƙayyade musu adadin da za su sara a shekara, su sayar wa masu motoci, harajin kuma a raba tsakanin ƙauyen, ƙaramar hukuma da gwamnati. Dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi na cikin wuraren da aka aiwatar da shi. A jihar Maraɗi ne kuma, daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka bunƙasa sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rage shi zuwa 'yan rassa masu ƙarfi a rene su. An ƙiyasta cewa hanyar ta dawo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma rassan da ake ragewa sun zama itacen girki a ƙofar gida. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kan Nijar, ita ce kuma ranar dashen bishiya a ƙasar.

A Najeriya gandun daji yawanci a hannun jihohi yake. A 2015 an kafa hukumar ƙasa mai kula da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wadda ke aiki a jihohi 11 na arewa, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta. Duk da haka, duk lokacin da gas da kananzir suka yi tsada gidaje da yawa sukan koma itace da gawayi.

A al'ada

Kawo itace na cikin haƙƙin da al'ada ta ɗora wa mai gida, tare da hatsi da cefane. Idan haihuwa ta gabato miji yakan tanadi itace mai yawa saboda wankan jego, wanda mai jego ke yi da ruwan zafi har kwana arba'in ko fiye. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da haɗuwar wannan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. A makarantun tsangaya almajirai sukan ɗebo kara da ƙirare da yamma a hura wutar da za a yi karatun dare da na asuba a haskenta. Kafin ashana ta wadata, maƙwabta sukan aiki yaro ya ɗebo wuta a kasko ko ɓallin tukunya.

Harshen ma ya ɗauki abubuwa daga wannan aiki. Ana cewa wani yana iza wuta ko rura wuta idan yana zuga rikici. Karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi tana magana ne a kan tarbiyyar yaro, wadda ke cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho kuma a kan wanda tsangwama ba ta hana shi ci gaba.

Duba kuma

Gawayi
Murhu
Gandun daji
Kwararowar hamada
Ƙira